Harajin Soke Tallafi: Wa Zai Biya Idan Kaya Sun Iso?

Duk mai casar shinkafa a Lafiya ya san abin da ke faruwa idan 'yar waje ta cika kasuwa da araha: injinsa ya tsaya, manomin Doma ya rasa mai sayen shanshera. Sau da yawa hannun gwamnatin wata ƙasa na cikin wannan araha. Indiya, wadda ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya, tana rage wa manomanta kuɗin taki da na wutar ban-ruwa.

Don irin wannan ne Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda Najeriya ke cikinta tun 1995, ta yarda ƙasa ta ɗora ƙarin haraji a kan kayan da aka tallafa wa, bayan kuɗin fito na yau da kullum. Sai dai ba a ɗora shi da ka. Dole a yi bincike a tabbatar akwai tallafin, kuma yana cutar da masu sana'ar gida. Harajin ba zai wuce girman tallafin ba, kuma yana faɗuwa bayan shekara 5 in ba a sake dubawa an sabunta ba. Haka Tarayyar Turai ta yi wa motocin lantarki na Sin a 2024.

Najeriya na da dokar hakan tun 1958, amma ba kasafai take bin wannan doguwar hanya ba. Ta fi son ƙarin haraji kai-tsaye ko hani. A 2013 harajin shinkafar waje ya kai kashi 110 cikin 100, a 2016 kuma aka hana shigo da ita ta iyakokin ƙasa. A ganina bincike ya fi adalci, domin yana auna ɓarnar kafin ya yanka kuɗi.

Ko wanne aka bi, ga abin da ɗan kasuwa zai riƙe: ba gwamnatin da ta ba da tallafin ke biya ba, ba kuma kamfanin da ya sayar maka ba. Wanda sunansa ke kan Fom M da takardun kwastam, shi ne da bashin. Ejan ɗin da ke fitar maka da kwantena a Apapa ko Onne ɗan aike ne kawai. In ya rage daraja ko ya sauya lambar kaya don kuɗi ya sauka, ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Fitar kaya daga tasha ma ba ya rufe magana, domin kwastam na da ikon sake duba takardu daga baya ta nemi ciko. A 2015 ta rufe rumbunan wasu manyan kamfanonin shinkafa kan harajin da ta ce ba su cika ba, bayan sun shigo da fiye da adadin da aka amince musu.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka san lambar kayanka a jadawalin haraji, ka karɓi takardar shaidar ƙasar da aka yi su. Yada zango a Kwatano ba ya sauya asalin kaya. Ka sa harajin cikin lissafin farashi tun farko, ka kuma adana rasit da kwafin kowace takarda da ejan ya gabatar da sunanka.