Yadda Ƙwayar Sanƙarau Ke Yaudarar Dakarun Jiki

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta hallaka sama da 11,000. Kano na cikin wuraren da ta fi yi wa ɓarna, har Asibitin Zana ya cika maƙil da marasa lafiya. Bakteriyar da ke haddasa wannan cuta ita ce Neisseria meningitidis, wadda Anton Weichselbaum ya gano a birnin Biyana a 1887.

Kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da ita a maƙogwaro ba tare da ya kwanta ba. To, yaya take tsallake garkuwar jiki? Amsar tana cikin furotin ɗin da take sarrafawa. Da farko tana da siraran zaruruwan furotin da take maƙalewa da su a fatar maƙogwaro. Na biyu, tana fitar da wani furotin mai aiki kamar almakashi, yana datse sinadarin kariya na IgA1 da ke cikin majina. Na uku, idan ta shiga jini, wani furotin na bayanta yakan cafke Fakta H, wato sinadarin da ke hana garkuwar jiki afka wa ƙwayoyin mutum na kansa. Ta haka take shigar burtu, a ɗauke ta 'yar gida.

Masana ma da furotin suka rama. Tsohuwar allurar rigakafi ta ƙunshi sukarin ɓawon ƙwayar kaɗai, shi kuwa ba ya tayar da fararen ƙwayoyin jini nau'in T, saboda haka kariyar ba ta daɗewa, musamman ga yara 'yan ƙasa da shekara 2. Da aka ɗaura sukarin a jikin furotin ɗin tetanus da aka kashe wa dafi, sai ƙwayoyin T suka shigo, suka taimaki ƙwayoyin B su riƙa tuna abokin gaba. Wannan ita ce MenAfriVac, wadda ta iso Nijeriya a 2011, ta karya lagon nau'in A.

Sai dai nau'in C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato a 2017. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta soma amfani da Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar. Duk da haka, zazzaɓi mai tafe da sandarewar wuya, musamman a lokacin bazara, yana bukatar asibiti nan take.