Wace Kyauta Ta Dace da Sabuwar Kaka?

A Damagaram, daga Birni har Zango, ranar da mace ta samu jikanta na fari gida yakan cika da ƴan barka. Masu zuwa suna ta tsokanarta: in namiji ne a ce ta yi sabon ango, in mace ce a ce an kawo mata kishiya. Sai dai mafi yawan kayan da ake shigowa da su na jariri ne da maijego. Kaka kuwa, wadda aikin ya hau kanta, sau da yawa goro da sannu kaɗai take samu.

Al'ada ce mai cikin fari ta koma gidan iyayenta ta haihu, ta zauna har ta yi arba'in. A cikin kwanakin nan uwarta ce ke tashi da asuba ta hura wuta, ta dafa ruwan wankan jego da ganyen dogon yaro ko na tsamiya, ta dama kunu, ta wanke tsumma, da yamma kuma ta sake. Ga baƙin suna ranar bakwai. Kuma da yake uwa tana kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, yaron yakan fi daɗewa a bayan kaka, wani ma a ɗakinta za a yaye shi.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya dawo daga Kano, ko ma'aikacin da ke Yamai ya ji labarin ƙanwarsa ta kusa sauka a gidan tsohuwa, ya kamata ya yi lissafi kafin ya nufi masu atamfa. Turmi abin mutunci ne, babu mai musu. Amma mata sukan riƙe zane mai daraja a matsayin ajiya. Ana linke shi a saka cikin akwati, ba ya rage mata ko guga ɗaya na wahala.

Abu na farko shi ne ruwa. Kowa ya san tarihin garin nan: ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka mayar da babban birnin ƙasa Yamai a 1926. Wanka biyu a rana na kwana arba'in, ga wanki, ba ƙaramin ruwa yake ci ba, balle in haihuwar ta faɗo a bazara. Wanda ya sayo manyan randuna irin na Mirya, ya kuma biya ɗan garuwa kuɗin kwanakin gaba ɗaya, ya sauke mata nauyin da ta fi jin kunyar ambata.

Sai wuta. Itacen wanka a bisa al'ada yana wuyan uban jariri ne, amma sau nawa yake kaiwa arba'in? Tun da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011, gas ya shiga gidaje da dama. Tukunyar gas kyauta ce mai kyau, in dai an haɗa da wanda zai zauna ya koya mata kunnawa da rufewa, domin tsofaffi da yawa suna tsoronta. Wadda ba ta yarda ba, kada a matsa mata. Amalanken itace da babbar tukunya sun wadatar.

Akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi. Kanwar Manga da Muniyo ta daɗe tana ratsa kasuwannin Damagaram, kuma kunun kanwa shi ne abincin maijego. Amma likitocin Zariya, a shekarun 1970, sun danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kanwa da kwanciya bisa gadon wuta. Mai son alheri ya kawo gero da gyaɗa da nama, ya bar kanwa. In maijego ta fara kumburin ƙafa ko haki, a kai ta likita ba tare da jinkiri ba.

Gidan sauro mai magani, wanda zai ɗauki mutum biyu da jariri, da fitila mai cajin rana don tashin dare, ba su da tsada. Zanen goyo da majanyi kuwa a sayo mata nata, masu ƙwari.

A aika da kayan tun ciki yana wata bakwai ko takwas, lokacin da take shiri. Ɗa zai iya miƙa wa uwarsa da hannunsa. Suruki kuwa ya bi ta hannun yayarsa ko gwaggonsa, kuma a faɗa a fili cewa wannan na Inna ne, in ba haka ba kafin la'asar ta tura shi ɗakin maijego.