Kura, Akuya da Harawa: Yadda Kwamfuta Ke Farautar Kuskure

Akwai wani tsohon wasan wasa ƙwaƙwalwa da yara da manya suka sani. A ƙaddara wani manomi na Dandamisa ta ƙasar Makarfi ya iso bakin rafi da damina, yana tafe da kura da akuya da damin harawa. Kwale-kwalen da ke wurin ba ya ɗaukar fiye da shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, ta cinye ta. In ya bar akuya da harawa, ita ma ta cinye. To, yaya zai ƙetare da su lafiya?

Masana kwamfuta ba su dogara da dabara wajen warware irin wannan. Sukan kira kowane matsayi da ake ciki “hali”, wato wa ke wannan gaɓa, wa ke waccan. Da yake su huɗu ne, kuma kowane na da gaɓa biyu, halayen 16 ne: 6 na ɓarna, 10 na lafiya. Taswirar halayen da hanyoyin da suka haɗa su ita ake kira otomata. Duk halin da za a iya kaiwa da taki ɗaya kuwa, shi ne “magaji”.

Tambaya ɗaya kwamfuta ke ta maimaitawa: daga nan ina za a iya zuwa? Halin farko na da magada huɗu, domin manomi na iya ƙetarewa shi kaɗai, ko da kura, ko da harawa, ko da akuya. Uku ɓarna ne, na akuya kaɗai ya tsira. Sai ta ɗauki wannan ta nemi nasa magadan. Takan rubuta duk halin da ta ziyarta, don kada ta yi ta kewaya wuri guda. In hanya ta toshe, sai ta koma baya ta ɗauki magaji na gaba. Da haka za ta gano cewa ƙetarawa 7 ta wadatar.

Wannan shi ne tushen fannin tantance samfuri, wanda Edmund Clarke da Allen Emerson suka assasa a Amurka a 1981, Joseph Sifakis da Jean-Pierre Queille kuma a Faransa a 1982. A nan ɓarnar ake farauta: in akwai hanyar da za ta kai na'ura ga mugun hali, kwamfuta za ta nuna ta taki bayan taki. Gwaji na yau da kullum yakan bi 'yan hanyoyi ne kawai, alhali kuskure yakan ɓuya a lungun da ba a leƙa ba. A 1994 wani kuskuren rabawa a ƙwaƙwalwar Pentium ya jawo wa kamfanin Intel asarar dala miliyan 475.

Abin lura shi ne, halaye kan hayayyafa fiye da ƙima. Masana ilimin halittu, tun daga Stuart Kauffman a 1969, sukan siffanta kowace ƙwayar gado a matsayin kunnanniya ko kasasshiya. Ƙwayoyi 20 kacal sukan ba da halaye 1,048,576, kuma ƙarin guda ɗaya yakan ninka adadin. Saboda haka ba a zana taswirar gaba ɗaya tun farko. Akan samar da magaji ɗaya ne a lokacin da ake bukatarsa, kuma da zarar an ci karo da kuskure sai a tsaya. Manhajar SPIN ta Gerard Holzmann, wadda aka fitar a 1991, a kan wannan tsari take aiki.

A 2007 aka ba Clarke da Emerson da Sifakis lambar yabo ta Turing. Ɗalibin da ke son fahimtar aikinsu, ya ɗauki takarda ya jera halayen manomin nan 16, ya ja layi daga kowane zuwa magadansa.