Yadda Ganyen Gero Ke Cin Iska

Ya ku dagatai da manoman ƙasar Dutsi, ku sani hatsin da ke rumbu yawancinsa daga iska ya fito. Cikin ɗanyen ganye akwai ƙwayoyi koraye, ido ba ya ganinsu. Nan wani ma'aikaci yake, masana suna ce masa Rubisko, gungu ne mai gaɓa 16. Shi ke kama irin iskar da muke fitarwa wajen numfashi, ganye ya mai da ita sukari da ƙarfin rana. Amma nawa gare shi, in zafi ya tsananta kuwa sai ya riƙa kama wata iska dabam. Gero da dawa Allah ya hore musu ɗan dako mai tara masa iskar har ƙofa. Hatch da Slack suka bayyana wannan a jikin rake, a Ostareliya, cikin 1966.

To, da naitirojin, watau ƙarfin taki, ake gina Rubisko. In ganyen gindi ya yi rawaya tun gero bai fid da kai ba, ma'aikata sun ragu ke nan, zangarniya za ta ƙanƙance. Kowane dagaci ya hori mutanensa su kai taki gona tun rani. Wassalam.