Dara, Wasan Taurari da Muhawarar Asalin Halitta

Wasannin dabara na sararin samaniya reshe ne na wasannin kwamfuta inda ake damƙa wa ɗan wasa ragamar daula, a ba shi duniya ɗaya da 'yan kumbuna kaɗan, a bar shi ya san yadda zai mamaye taurarin da ke kewaye da shi kafin abokan hamayya su riga shi. Abin da ake gwadawa shi ne lissafi da haƙuri da sanin lokacin kai hari. A shekarar 1993, sa'ad da wasan Master of Orion ya fito, wani marubuci Ba'amurke mai suna Alan Emrich ya taƙaita aikin ɗan wasa cikin abubuwa huɗu: ya leƙo abin da ke kewaye da shi, ya faɗaɗa ƙasarsa, ya ci moriyar arzikin da ya samu, sannan ya murƙushe maƙiyi. Kan wannan ginshiƙi aka gina wasanni da dama da suka biyo baya, har da Stellaris da kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2016.

Babbar tambaya a farkon kowane wasa ita ce inda za a zuba ɗan abin da ke hannu. Wani yakan kashe komai wajen ƙera kumbunan yaƙi ya auka wa maƙwabci tun bai kintsa ba. Wani yakan gina ganuwa ya zauna jira. Na uku yakan ƙyale yaƙi ya duƙufa tara ma'adinai da bincike, da fatan in an jima rundunarsa ta fi ta kowa. Mai farmakin wuri yakan cinye mai tara dukiya, mai ganuwa yakan karya mai farmaki, mai tara dukiya kuma yakan bar mai ganuwa a baya. Tunda babu dabarar da ta fi kowace, ƙwararru sukan fifita leƙen asiri a kan komai, domin wanda ya san shirin abokin karawarsa ya san maganinsa. A wasan StarCraft na 1998, wanda ya zama sana'a sosai a Koriya ta Kudu, da wuya gwani ya fara wasa bai tura ɗan leƙe sansanin maƙiyi ba. A Stellaris kuwa kumbuna suna bin hanyoyi ƙididdigaggu tsakanin taurari, don haka wanda ya kafa sansani a mashigar da dole sai an bi ta, ya tsare duniyoyi goma da runduna ɗaya. Abin da ya fi kayar da sababbin hannu shi ne haɗama: su kama yankin da ya fi ƙarfin tsaronsu, kuɗin riƙo ya cinye ribar.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A Gangara da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Jibiya, da tsallaken iyaka wajen Ɗan Isa da Maraɗi, dara tsohon wasa ne na manya, wanda ake yi a inuwa idan aikin gona ya yi sauƙi. Akan haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Da fari ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku ba. Idan an gama dasawa sai a fara matsawa gurbi ɗaya, gaba ko baya ko gefe, duk wanda ya jera uku ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasansa. Masana dara sun san cewa tun wajen dasawa ake cin wasa ko a faɗi. Gwani yana neman zaman da ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin layi biyu, kowane motsi ya ba shi ci, yana kuma toshe wa abokinsa irin wannan zama. A dara da wasan taurari duka, bayan kowane motsi akwai mai niyya da ya hango gaba.

Wannan batu na niyya shi ya jefa wani wasa cikin muhawarar da ta girme shi da shekara ɗari da hamsin. A watan Satumba na 2008 kamfanin Electronic Arts ya fitar da Spore, ƙirar Will Wright, mutumin da ya yi SimCity da The Sims. Wasan yana da matakai biyar. Ɗan wasa yana farawa a matsayin ƙwayar halitta a cikin ruwa, ya fito tudu ya zama dabba, dabbar ta kafa ƙabila, ƙabila ta gina birane, a ƙarshe a ƙera kumbo a nufi taurari. Matakin ƙarshe shi ne mafi tsawo. Arzikinsa wani gari ne mai launi-launi da ake haƙowa a duniyoyi, kuma farashinsa ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka mai wayo yakan riƙe hajarsa har ya sami inda take tsada. Duniyar da ba ta rayuwa ana gyara zafinta da iskarta, sannan a zuba mata tsirrai iri uku, dabbobi masu cin ciyawa iri biyu da mai cin nama iri ɗaya, in ba haka ba gyaran ya warware. Daular maƙwabci ana iya cinye ta da yaƙi, ana kuma iya ƙulla kasuwanci da ita har a saye ta da kuɗi, hanyar da ta fi jinkiri amma ba ta tara wa mutum maƙiya. Tsakiyar taurarin kuwa wata muguwar daula ce mai suna Grox take tsare da ita.

An tallata wasan da cewa yana nuna yadda halitta ke sauyawa. Masana ilimin halittu da suka gwada shi ba su gamsu ba. A watan Oktoba na shekarar, John Bohannon ya tara wasu masana suka duba shi domin mujallar Science, suka kayar da shi a fannin juyin halitta. Hujjarsu a fili take: a cikin wasan ɗan wasa ne ke zaɓar baki ko ƙafa ko fiffike, ya manna wa dabbarsa a dare ɗaya saboda ya san abin da yake so ta zama. Wasu kuma suka ce ai wannan hoton tsararriyar halitta ne, wadda wani mai hikima ya ƙera da gangan. Haka wasan nishaɗi ya zama abin ja-in-ja.

Abin da Charles Darwin ya kawo a littafinsa na 1859 ya sha bamban da abin da Spore ke nunawa. Bayaninsa ya tsaya kan abubuwa da kowane manomi ya sani. 'Ya'yan uwa ɗaya ba sa zama daidai. Wasu siffofin ana gadonsu. Abin da ake haifa ya fi abin da ke rayuwa har ya hayayyafa. Saboda haka siffar da ta taimaki mai ita ya tsira takan yawaita a zuri'a mai zuwa, kuma sauyin yana faruwa ne a cikin jama'ar halittar gaba ɗaya, a kan zuri'o'i masu yawa. Darwin da kansa ya buɗe littafin da misalin makiyaya da manoma. Gero shaida ne a nan: binciken tono ya nuna an fara nomansa a yankin Sahel, a arewacin Mali na yau, kimanin shekara 4,500 da suka wuce, daga ciyawar daji mai ƙananan ƙwayoyi da ke zubewa da kansu. Manoman da suka riƙa ware zangarniya mafi kyau don iri, damina bayan damina, su suka mayar da ita geron da ake ɗaurewa dami a Gangara. Jar akuyar Maraɗi da Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, ita ma zaɓin masu kiwo ne ya tsayar da kamanninta. Abin da Darwin ya ƙara shi ne cewa fari da cuta da yunwa da maharba suna yin irin wannan tankaɗe ba tare da hannun mutum ba.

Ɗaya ɓangaren ma yana da tarihi. A 1802 wani malamin coci a Ingila, William Paley, ya ce wanda ya tsinci agogo a daji ya san akwai maƙerinsa, ido da kunne kuwa sun fi agogo tsari. Wannan hujja ta dawo da sabuwar riga a Amurka, musamman bayan littafin Michael Behe na 1996. Behe ya ce akwai sassa a cikin ƙwayar halitta, kamar wutsiyar da bakteriya ke juyawa tana iyo, waɗanda in aka cire yanki ɗaya duka su daina aiki, don haka ba za su taru sannu a hankali ba. Masana irin su Kenneth Miller suka amsa cewa wani ɓangare na wannan wutsiya yana kama da wata na'urar da bakteriya ke amfani da ita wajen wani aiki dabam, wato yanki na iya amfani tun kafin ya shiga babban tsari. Magana ta kai kotu lokacin da hukumar makarantun garin Dover a jihar Fensilbaniya ta sa a karanta wa ɗalibai sanarwa kan wannan ra'ayi. A watan Disamba na 2005 alƙali John Jones ya yanke cewa ra'ayin ba kimiyya ba ne, koyar da shi a ajin kimiyya na makarantar gwamnati kuma ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar. Ya kamata a lura cewa hukuncin bai ce babu Mahalicci ba. Iyakarsa abin da za a kira kimiyya a cikin aji.

A arewacin Nijeriya ɗalibi yakan haɗu da Darwin a ajin ƙarshe na sakandare, cikin manhajar ilimin halittu, ya haddace don jarrabawa, a waje kuma ya ji ana cewa ai mutumin nan ya ce daga biri aka fito. Abin da masana ke faɗi shi ne mutum da biri sun haɗa kaka mai nisa, amma ko a haka maganar tana da nauyi ga Musulmi, domin mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa an halicci Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba uwa ba uba. Sai dai batun ya fi faɗin eh ko a'a. David Solomon Jalajel a 2009, da Shoaib Ahmed Malik a littafinsa na 2021 da ya gina kan tunanin Imam Gazali, sun nuna cewa nassi bai hana karɓar sauyawar sauran halittu ba, muddin an kiyaye abin da ya zo game da Annabi Adamu. Malik ya kuma soki ra'ayin su Behe ta fuskar tauhidi: a fahimtar Ash'ariyya, wadda malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, Allah ne ke halittar sababi da abin da ya haifar, don haka babu dalilin neman ikonsa a wuraren da kimiyya ta kasa bayani kaɗai. Wasu malaman ba su yarda da wannan sassauci ba, kuma saɓanin yana nan. Amma abin takaici ne a bar yaro da zaton cewa dole ya zaɓi ɗaya tsakanin imaninsa da darasinsa, alhali ba a warware masa ko ɗaya yadda ya kamata ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya jiran a gama muhawara, domin yana kwance a asibitocin Jibiya da Katsina kowace damina. Kulorokwin ya yi shekaru yana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. A ƙarshen shekarun 1950 aka ga ƙwayoyin da ba sa jin sa a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka, a 1978 suka ɓulla a gabashin Afirka, daga nan suka iso yamma. Maganin yana kashe masu rauni ya bar masu juriya su hayayyafa, har Nijeriya ta sauya zuwa magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin a 2005. Malawi ta janye kulorokwin tun 1993, kuma cikin kusan shekara goma ƙwayoyin da ke jin sa suka sake rinjaye a can.

Sikila ma haka take. A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa mai ɗauke da rukunin jini AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa wannan gado ya yawaita a inda sauro ya yi katutu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, kuma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Duk matsayin da mutum ya ɗauka kan asalin halitta, ya dace ya sha maganin zazzaɓi har ƙarshe kamar yadda likita ya rubuta, masu shirin aure kuma su yi gwajin jini tun kafin a sa rana.