Hutun Kaka a Kinosaki, Garin da Ya Mai da Kansa Masauki Guda

A arewacin yankin Hyogo na ƙasar Japan, daf da inda kogin Maruyama yake shiga teku, akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Kinosaki. Daga birnin Kyoto tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa. Allah ya hore wa garin ruwan zafi mai ɓulɓulowa daga ƙasa, irin na Wikki da ke Yankari, sai dai nasu ya fi zafi nesa ba kusa ba. Mutanen garin suna cewa sama da shekara 1,300 ke nan ana zuwa wanka a wurinsu.

Tun zamanin da, manoman Japan suna da al'adar tafiya wurin ruwan zafi idan an gama girbin shinkafa, su yi kwana da kwanaki suna jiƙa jiki har gajiyar noma ta sake su. Yau ma'aikatan birni ne suka fi yawa, kuma kwana ɗaya ko biyu suke yi, amma kaka ba ta daina jan mutane ba. A watan Nuwamba ganyayen tsaunukan da suka kewaye garin sukan rine su koma ja da rawaya, Japanawa kuwa fita kallon ganyen kaka al'ada ce a wurinsu mai daɗaɗɗen tarihi.

Masaukin gargajiya, wanda suke kira ryokan, yawanci ginin katako ne da iyali suke gada kaka da kakanni, uwargida kuma ita ce mai riƙe da ragamarsa. Baƙo yana isowa zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a ba shi silifas na cikin gida, shi ma ya ajiye shi kafin ya taka tabarmar ɗaki. Ɗakin fayau yake, ba gado, sai ɗan gajeren tebur da matasan zama. Mai hidima za ta durƙusa ta zuba masa koren shayi, ta ajiye ɗan kayan zaƙi, ta tambaye shi lokacin da yake son abincin dare. Sannan ya sauya kaya, ya sa doguwar rigar auduga da ake kira yukata. Sa ta ma da ƙa'ida: gefen hagu ake ɗorawa a kan na dama, domin akasin haka gawa ake yi wa.

Abin da ya bambanta Kinosaki da sauran wurare shi ne, ba a son baƙo ya lafe a ɗaki. Mutanen garin suna da wata magana, cewa garin gaba ɗayansa masauki ɗaya ne: tashar jirgi ce zaure, tituna ne hanyoyin cikin gida, masaukai ne ɗakunan kwana, gidajen wanka bakwai da aka san garin da su kuwa na kowa da kowa ne. Saboda haka da yamma ta yi za ka ga tsofaffi da matasa da iyaye riƙe da hannun yara, duk sanye da yukata da takalmin katako, suna tafiya a hankali a gefen ƙoramar da ta ratsa garin. Babu mai gaggawa, takalmin ma ba ya barin a yi sauri. Sai ƙararsa ƙwas-ƙwas a kan gadojin dutse, da hasken fitilu a kan ruwa.

Wankan yana da ladabinsa. Maza daban, mata daban. Labule shuɗi ne a ƙofar maza, ja a ta mata. Mutum zai zauna a kan 'yar kujera ya cuɗa jikinsa da sabulu, ya ɗauraye tas, kafin ya shiga kwamin ruwan, domin ruwan na jiƙa jiki ne, ba na wanke dauɗa ba. Ba a tsoma tawul a ciki, ba a iyo, ba a hayaniya. Ba a shiga da tufa, amma wanda addininsa ko kunyarsa suka hana shi haka, masaukai da dama suna da wurin wanka da mutum ko iyali za su kama su kaɗai. A da can, baƙo sai ya hau tsauni zuwa wurin bauta na Onsenji ya karɓi ludayin wanka, a koya masa ƙa'ida, sannan ya sauko.

Abincin dare shi ne sarautar ranar. A kowace shekara, ranar 6 ga Nuwamba ake buɗe kamun babbar ƙaguwar teku a wannan gaɓa, a rufe ranar 20 ga Maris. Jiragen masunta na tashar Tsuiyama da ke kusa sukan maƙala wa kowace ƙaguwa alama a ƙafa don a san asalinta. Ana kawo ta ɗanya, da gasassa, da dafaffa a tukunyar da ke tafasa a gaban mai ci, kwano bayan kwano, a ƙarshe a dafa shinkafa a cikin romon. Akwai kuma naman shanun Tajima, irin da ake samun shahararren naman Kobe daga gare su. Kafin baƙo ya kwanta an shimfiɗa masa katifa a kan tabarma. Da safe sai shinkafa da gasasshen kifi da miya mai zafi.

Wannan tsari bai zo a banza ba. A shekarar 1925 girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta sun cinye garin kusan ƙurmus. Da aka tashi sake gini, sai aka sa gidajen wanka na jama'a a gaba, aka kuma riƙe fasalin ginin katako. Daga baya aka yi doguwar shari'a a kan ko masauki yana da ikon jan ruwan zuwa cikin gidansa, ba a sasanta ba sai a 1950. Har yau ana taƙaita girman wurin wankan cikin masaukai, don baƙo ya fita, mai shayi da mai tsaraba su ma su samu rabonsu. Ɗaya daga cikin tsofaffin masaukan garin, Mikiya, inda marubuci Shiga Naoya ya yi jinya a 1913 bayan jirgin ƙasa ya buge shi a Tokyo, yana nan yana karɓar baƙi.

Ranar tafiya, uwargida da masu hidima sukan fito bakin ƙofa su rusuna, ba sa komawa ciki sai baƙo ya ɓace musu. Mutanen Kinosaki sun gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sun raba arzikin ruwansu a tsakaninsu, sun girmama baƙo, sun tsare gadon iyayensu. Duk garin da Allah ya ba wata baiwa da baƙi ke zuwa gani, yana da abin koyi a wurinsu.