Yadda Muka Koyi Awon Itatuwa a Kurmin Bobiri

Mu mutanen zango mun san katako a kasuwa, amma ƙalilan ne cikinmu suka san yadda ake ƙidaya itacen tun yana tsaye. Wannan ne ya kai mu da ɗalibanmu kurmin Bobiri, kusa da Kubease a kan hanyar Kumasi zuwa Ankara, wanda aka keɓe tun 1939.

Malamin dajin da ya karɓe mu ya fara da cewa ba mai iya ƙirga kurmi duka. Abin da ake yi shi ne a yanki ƙananan filaye, a auna abin da ke ciki, kamar yadda mai sayen goro yake duba 'yan ƙwayoyi ya gane huhu. Muka ja igiya, mita 20 kowane gefe. Irin wannan fili 25 ne ke cika hekta ɗaya.

Nan fa gardama ta tashi. Yara suka nace a kafa turaku inda manyan odum suke. Malamin ya ƙi, ya ce da ƙuri'a ake zaɓen wuri. Wanda ya bi son ido zai rubuta wa kurmi arzikin da ba shi da shi, a ba da izinin sara fiye da kima. Mu kanmu malamai, a gaskiya, da farko bayan yaran muka goya.

Kauri kuwa ana auna shi a mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirji. A zagaya gindin da tef, a raba abin da aka samu da 3.14. Itacen wawa ya ba mu wahala, domin saiwoyinsa sun taso kamar katanga, dole a hau a auna ta samansu. Ƙa'idar hukuma ita ce ba a sare odum sai faɗinsa ya kai santimita 110, zagayensa ke nan wajen 345. Wani yaro da bai taɓa shiri da lissafi ba shi ya fara fitar da amsar.

Tun 1998 doka ta hana tsaga katakon sayarwa da zarton inji a daji, amma har yau samarinmu na ɗaukar irin wannan katako a ka cikin dare, wasu su ƙare a hannun 'yan sanda. A hanyar komawa, yara uku suka tambaye mu darussan da ake bukata kafin a shiga aikin gandun daji.